Manufofin Ilimi a Nijar: Daga Takardar Yamai Zuwa Allon Aji

Jawabin da aka gabatar a zauren taron cikar masarauta shekara ɗari



Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Masu girma wakilan gwamnati, sarakunan da suka taka ƙafa domin taya mu murna, hakimai da masu gari da masu unguwanni, malamanmu na allo da na boko, iyayenmu mata, attajirai da masu sana'a, matasa maza da mata, ina yi muku barka da wannan rana.

An umurce ni da in yi magana a kan yadda ake tsara manufofin ilimi da yadda ake aiwatar da su a makarantu. Shekara ɗarin da muke biki a kanta kusan ita ce shekarun makarantar boko a wannan yanki, don haka tarihin biyu a haɗe yake. Abin da nake so in tabbatar a gabanku abu ɗaya ne: ƙasarmu ba ta taɓa rasa dokoki masu kyau a kan ilimi ba. Inda ruwan ke tsiyayewa shi ne tsakanin ofishin da aka sa wa takarda hannu a Yamai da ajin da yaro ke zaune a ƙasa. Kuma duk manufar da ta yi tsiro a ƙasar nan, za ku tarar mutanen gari ne suka karɓe ta suka mai da ita tasu.

Lakwal ta zamanin Nasara

Faransawa sun kawo lakwal ne domin biyan bukatarsu. Suna neman tafintoci da magatakarda da masu rubuta haraji, saboda haka yara kaɗan sun ishe su. Hanyar ɗaukar ɗalibai kuwa ita ce umurni: kumandan ya aiko wa sarki cewa yara kaza yake so, sarki ya raba wa masu gari. Dattawanmu sun san abin da ya biyo baya. An ɓoye yara a rumbuna da gonaki, wasu manya kuma suka hana ƴaƴansu suka miƙa ƴaƴan barorinsu, har daga baya waɗancan yaran suka dawo su ne masu alƙalami. Ƴan kaɗan da suka yi fice akan tura su makarantar William Ponty da ke Senegal. Daga can ne Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari suka fito, dukkansu malaman makaranta kafin su shiga siyasa.

Lokacin da aka sami ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Wannan shi ne gadon da aka bar mana, tare da wani gado da ya fi shi nauyi, wato ganin da talakawa ke yi wa makaranta cewa ta gwamnati ce, kamar haraji da aikin tilas. Wanda aka ƙwace wa ɗa da bulala ba zai zo taron iyaye da daɗin rai ba.

Shekarun gwaji

Tun kafin ƴancin kai an fara neman hanyar kusantar da makaranta ga jama'a. A 1957 aka buɗe madarasa ta farko a Sayi, inda ake haɗa Larabci da Faransanci, domin kwantar da hankalin iyayen da ke tsoron boko zai raba ƴaƴansu da addini. A 1964 aka soma koyarwa ta talabijin a wasu azuzuwa na kewayen Yamai. Shirin ya ja hankalin duniya, amma tsadarsa ta hana shi yaɗuwa, kayan aikinsa suka koma tushen talabijin na ƙasa.

A wannan shekara ta 1964 ne kuma wani ɗan Tasawa, Farfesa Abdu Mumuni, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya wallafa littafinsa a kan ilimi a Afirka. A ciki ya kafa hujja cewa ya kamata yaro ya fara karatu da harshen da ya tashi da shi. Bayan shekara biyu, a 1966, taron masana da UNESCO ta kira a Bamako ya daidaita haruffan rubuta Hausa da wasu harsunan yankin. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da rubutu da lissafi cikin Hausa, Faransanci yana shigowa sannu a hankali. Daga baya aka ƙara da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da harshen Buzaye.

Ina roƙon ku riƙe labarin waɗannan makarantu, domin shi ne madubin duk abin da zan faɗa. Masu bincike sun sha gwada ɗalibansu da na sauran makarantu, kuma sakamako ya nuna cewa yaran da suka fara da harshensu sun fi fahimtar darasi, sun fi sakin jiki a aji, ba su kuma yi baya a Faransanci ba. Duk da haka, bayan shekara ashirin da biyar makarantun ba su wuce ƴan gomomi ba, ana ta kiran su “na gwaji”. Dalilan a fili suke. Littattafai sun yi ƙaranci. Akan horar da malami a kan koyarwa da Hausa, sannan a tura shi inda ba a bukatar horon. Jarrabawar ƙarshe da Faransanci ake yin ta. Abin da ya fi duka, ba a zauna da iyaye an yi musu bayani mai gamsarwa ba, sai da yawa suka ɗauka cewa makarantar talakawa ce aka ba su, musamman da suka ga manyan ma'aikata ba sa kai nasu ƴaƴan can.

A 1982, zamanin Shugaba Saini Kunce, aka yi babbar muhawara ta ƙasa a kan makaranta a Damagaram. An yi magana mai ma'ana, an fitar da shawarwari. To amma kuɗin yuraniyom ya riga ya fara ja da baya, fari ya auko a 1984, matakan tsuke bakin aljihu na masu ba da bashi suka biyo baya. Ɗalibai suka ƙi amincewa da gyare-gyaren da aka nemi yi wa ilimi, kuma ran 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe uku daga cikinsu a gadar Kennedy ta Yamai. Shekarun da suka biyo baya na yajin aiki ne da bashin albashi, har wasu shekarun karatu suka tafi a banza.

Dokar 1998 da abin da ya biyo bayanta

Ran 1 ga Yuni 1998 aka kafa doka mai lamba 98-12, wadda aka fi sani da LOSEN, domin ta zama ginshiƙin tsarin ilimin ƙasa. Ta ce ilimi haƙƙi ne na kowane yaro. Ta ce a firamare harshen uwa ne harshen koyarwa, Faransanci kuma darasi ne tun daga ajin farko. Ta kuma raba nauyin makaranta tsakanin gwamnati da ƙananan hukumomi da iyaye. A ƙarshen 2001 wata doka ta amince da harsuna goma a matsayin harsunan ƙasa.

Daga nan shirin shekara goma na bunƙasa ilimi, wato PDDE, ya fara a 2003. Gaskiya ne an yi aiki. A 2000 kimanin yaro ɗaya cikin uku ne ke firamare. Zuwa ƙarshen shirin sun kai biyu cikin uku ko ma fiye. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba suka sami makaranta. A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, ɗan talaka ya daina tafiya Yamai dole kafin ya yi karatu mai zurfi. Duk wannan an yi shi ne alhali jama'a na ƙaruwa da sauri: kusan miliyan uku a 1960, miliyan 17 a ƙidayar 2012, yau kuma sun haura miliyan 25, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba.

Sai dai yawa ya zo da farashinsa. Domin cika azuzuwa da malamai cikin hanzari da arha, aka koma ɗaukar ƴan sa-kai, daga baya ƴan kwantiragi, har suka zama su ne mafi yawan malaman firamare. Da yawa sun shiga aji da gajeren horo ko babu horo sam, da ɗan alawus da ba ya zuwa a kan kari. A 2014 aka yi gwajin PASEC a ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, Nijar ta zo ƙarshe: cikin yara goma da ke ajin ƙarshe na firamare, ko ɗaya cikakke bai kai matakin karatun da ake bukata ba. A gwajin 2019 an sami ci gaba, suka kusa uku cikin goma. A 2017 kuma gwamnati ta yi wa malaman kwantiragi jarrabawa, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka sami rabin maki. Bai kamata a ɗora wa waɗannan bayin Allah laifi su kaɗai ba, domin su ma makarantar nan ce ta yaye su.

Inda takarda ke ɓata a hanya

Ranka ya daɗe, bari mu bi sawun takarda. Ana tsara manufa a ma'aikatar ilimi, sau da yawa tare da masu ba da tallafi na waje. Daga nan ta sauko hukumar ilimi ta jiha, ta je hannun sufeto, ta je ga mai ba malamai shawara, ta je ga darakta, sannan ta isa ga mushe a aji. A kowane mataki akwai abin da take bukata. Sufeto na bukatar abin hawa da mai kafin ya zagaya makarantunsa. Malamai na bukatar tarukan ƙara wa juna sani na CAPED su riƙa gudana. Makarantun horon malamai irin su Askiya Muhammad ta Damagaram da Bawa Jan Gwarzo ta Maraɗi da Kawusan ta Tawa na bukatar su koyar da sabon tsarin kafin ɗalibansu su fita. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, sabon tsari ya tsaya a cikin kabad, malami ya ci gaba da koyarwa yadda aka koya masa.

Ga misali ɗaya da kowa a nan ya sani. A takarda ana buɗe makarantu a farkon Oktoba. Amma ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbin hatsi an sami kara, yaran ma suna gona. Ke nan a ƙauyuka da yawa karatu ba ya kankama sai Nuwamba. Da ruwan farko ya sauka a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, rumfa ta rushe, yara sun koma shuka. A tsakani a cire ranakun kasuwa, da kwanakin da malami ke yi a hanyar karɓo kuɗinsa, da na yajin aiki. Manhajar da aka tsara wa wata tara sai ta sami wata shida ko ƙasa da haka. Babu dokar da ta rage shekarar karatu, amma ta ragu.

Ajin zana kuma ba lokaci kawai yake ci ba. Ran 13 ga Afrilu 2021 gobara ta kashe yara wajen ashirin a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas a Yamai. Ran 8 ga Nuwamba na wannan shekara, a Maraɗi, yara aƙalla 25 ƴan shekara biyar zuwa shida suka rasu ta wannan hanya. Allah ya ji ƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Hukumomi sun ce a lokacin akwai irin waɗannan azuzuwa kimanin dubu 36 a ƙasar, kuma bayan gobarar Maraɗi gwamnati ta hana sa ƴan rainon yara a cikinsu. Hani ya fito cikin kwana ɗaya. Ginin da zai maye gurbin zana yana bukatar siminti da ƙarfe da shekaru.

Haka batun ƴaƴa mata. Ran 5 ga Disamba 2017 aka sa hannu a kan dokar da ke kare yarinya mai karatu da tallafa mata har ta kai shekara 16. Amma yarinyar da ta gama firamare a ƙauye, kwaleji na nesa da ita, ba ta da amintaccen gidan da za ta sauka a gari, uwarta kuma na dogara da tallarta, wannan doka ba za ta riƙe ta a aji ita kaɗai ba. Mai riƙe ta shi ne ubanta da uwarta da mai garinsu da limaminsu.

Manufar da ta yi tsiro

Domin kada a ce na zo da kuka kawai, ga abin da ya yi aiki. A farkon shekarun 2000 aka ƙirƙiro kwamitocin kula da makarantu, COGES, waɗanda daga baya aka sake wa suna CGDES. Da farko yawancinsu suna ne kawai. A 2004 wani shiri da ƙasar Japan ta tallafa ya fara aiki da su a jihar Tawa, da dabaru masu sauƙi. Mutanen gari su zaɓi ƴan kwamiti da ƙuri'ar sirri. A kira babban taro, a lissafa matsalolin makaranta, a zaɓi waɗanda gari zai iya magancewa da ƙarfinsa. A ƙarshen shekara a dawo a karanta wa kowa abin da aka tara da abin da aka kashe. Da wannan aka gina azuzuwa, aka sayi alli da kaye, aka samar wa malamai masauki, aka shirya karatun dare, aka shiga gida gida ana rubuta yara. A 2007 aka faɗaɗa tsarin zuwa dukkan ƙasa.

Me ya bambanta wannan da makarantun gwaji? An tambayi mutane, an ba su abin yi, an nuna musu lissafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma inda kwamiti ya koma na darakta da abokansa biyu, ba zaɓe ba taro, nan ma ya mutu kamar sauran.

Rabon sarauta

A watan Maris na 2025 Kundin Sake Gina Ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, tare da amincewa da sauran harsuna tara da ake magana da su a Nijar. Wannan babban al'amari ne a gare mu. Amma mun ga 1973, mun ga 1998, mun ga 2001. Idan babu littafin Hausa a hannun yaro, babu malamin da ya iya ƙa'idar rubuta ta, babu jarrabawar da ke auna ta, za mu sake samun takarda mai kyau da aji marar canji. Ya kamata kuma mu tuna cewa hujjar da ta ba ɗan Bahaushe damar fara karatu da Hausa ita ce ta ba ɗan Bafulatani da ɗan Buzu da ɗan Babarbare da ke zaune tare da mu damar farawa da nasu harshen.

Dokar 2015 da ta tsara matsayin sarakunan gargajiya ta sa su cikin tafiyar da mulkin ƙasa, kuma ƙungiyar sarakunan Nijar ta daɗe tana aiki a kan karatun ƴaƴa mata da lafiyar yara. Bisa wannan nake miƙa shawarwari biyar ga fada.

Na farko, kowane mai gari ya san adadin yaran garinsa da suka isa shiga makaranta, maza da mata, ya kawo lissafin fada kafin Oktoba, a sake dubawa a tsakiyar shekara a ga nawa suka rage. Takardar haihuwa ma a nema wa yaro tun da wuri, domin rashinta na hana shi zama jarrabawa.

Na biyu, a tanadi zana da itace tun bara, domin aji ya tsaya ran da aka buɗe makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya. A nisanta rumfuna da juna da wurin masu tuya, a bar ƙofa mai faɗi. Attajiranmu da ƴaƴanmu da ke ci-rani kuma a nuna musu ajin da za su gina da sunan iyayensu, domin a riƙa rage zana shekara shekara.

Na uku, malami baƙon sarki ne. A ba shi masauki, a mutunta shi, a kare malama mace daga wulaƙanci. A kuma lura da zuwansa: in aji ya kwana uku a rufe ba dalili, mai gari ya sanar da darakta da sufeto.

Na huɗu, fada ta tsaya a yi zaɓen kwamitin makaranta a fili, a karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a, mata su sami bakin magana. Sarki ba zai zaɓa wa gari ƴan kwamiti ba, amma idonsa na hana a yi rufa-rufa.

Na biyar, a zaunar da malaman allo da na boko a zaure ɗaya su daidaita lokutansu, domin yaro ɗaya suke rabawa. A kuma nemi gidaje amintattu a cikin gari da za su riƙe ƴan matan ƙauye masu zuwa kwaleji, fada ta san kowane gida da kowace yarinya.

Kammalawa

Ranka ya daɗe, jama'a masu daraja, akwai ma'auni ɗaya da ba ya bukatar masani daga waje. A ƙarshen kowace shekara a kira yaran da suka gama aji uku, a miƙa wa kowane ɗaya gajeren rubutu cikin harshensa ya karanta a gaban iyayensa, a ba shi ɗan lissafin kasuwa ya yi. In ya iya, manufa ta iso garinmu. In bai iya ba, tana can a hanya, sai mu tashi mu bi sawunta daga darakta zuwa sufeto har inda ta maƙale. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba kuwa da wuya ya cim ma saura.

Shekara ɗari da suka wuce an nemi sarakuna su kawo yara makarantar da ba tasu ba. Yau makarantar tamu ce, yaran namu ne, kuma waɗanda za su yi bikin shekara ɗari biyu na wannan masarauta za su fito ne daga zuriyar waɗanda ke zaune a ajin farko bana.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.